Rumfar da Na Yi wa Dattijo

Kun ga hotona a waya ina tsaye a kan farin jirgi, teku shuɗi a bayana, sai kuka yanke cewa Baba Garba ya samu hutu a Dubai. Ɗayanku har saƙo ya aiko mini, wai in nemo masa irin aikina, shi ma yana so ya riƙa wanke jiragen masu hali yana shan iska. To, ku matso. Ni ba mai dogon zama ba ne, ko yanzu ƙafata ƙaiƙayi take yi, don haka labarin jirgi ɗaya tak zan ba ku, wanda saura ƙiris in kashe shi da hannuna, kuma da kyakkyawar niyya.

A Yauri aka haife ni, a gidan masu sassaƙa jirgi. A wurinmu ba a tambayar saurin jirgi, buhu nawa yake ɗauka ake tambaya. In mahaifina ya yi shakkar wani wuri sai ya ƙara katako, in shakkar ba ta tafi ba ya ƙara wani, kuma ban taɓa jin an zage shi don ya ƙara ba. Abu na ƙarshe da ake yi wa jirgin fasinja shi ne rumfa. A nan ake gane gwani, domin ita ake fara hangowa daga gaɓa. Da katako ya yi wuya na gangara Legas na koyi aikin faiba, wato shimfiɗa ƙyallen gilas da gam bisa juna har ya daskare, a wurin masu yin tankin ruwa, can ma kauri shi ne mutunci. Da wannan ilimin na sauka a Dubai a 2016, gemuna ya fara furfura, ina jin babu mahaluƙin da zai koya mini jirgi.

Ranar da na fara aiki, motar ma'aikata ta kwaso mu daga unguwar Satwa ta sauke mu a wani wurin gyaran jirage da ke wajen Jebel Ali. Abin da na fara gani shi ne wani tsohon jirgin faiba an ɗora shi a kan ƙarafa, tsawonsa ƙafa talatin da ɗoriya. Cikinsa ya buɗe a tsakiya, hanci da ƙugu suka tsuke. A kansa akwai doguwar sanda ta ɗaura ƙyallen iska, a ƙarƙashinsa kuma wani abu ya zaro kamar bakin gatari, ya kai mini kafaɗa. Na yi dariya na ce wanda ya ƙera wannan bai taɓa ganin tudun yashi ba. Shugaban ma'aikatan, Usta Bashir, wani siririn dattijo ɗan Kerala ta ƙasar Indiya, bai ji Hausa ba amma ya ji dariyar. Ya ƙwanƙwasa abin da ɗan yatsa ya ce sunansa kil, dalma ce zalla, kusan rabin nauyin jirgin a nan yake. Daga nan ya miƙo mini 'yar guduma ya ce in bi jikin jirgin tun daga hanci har ƙugu ina bugawa ina saurare. Kwana biyu na yi ina wannan, ni da na zo da niyyar nuna gwaninta. Tun ranar nake kiran jirgin Dattijo, domin an ƙera shi tun ina yaro.

Kada ku raina 'yar gudumar nan. In ka buga inda faiba ke da lafiya, amo yake yi tas. In ruwa ya shiga ko shimfiɗa ta rabu da 'yar uwarta, sai ka ji bus, kamar ka buga ruɓaɓɓiyar kankana. Sai ka zagaye wurin da alli, ka ɗauko giranda. Ƙurar giranda kuwa garin gilas ce, tana shiga fata ta yini tana cizo, in ka yi gangancin wanka da ruwan zafi ka buɗe mata ƙofa. Bayan haka sai rezin, ruwan gam ɗin da ake jiƙa ƙyallen gilas da shi. Ana ɗiga masa maganin daskarewa da ƙidayar ɗigo, kuma a zafin Agusta in ka tsaya amsa sallama sai ka tarar ya daskare a kofi yana hayaƙi. Mai gaggawa irina ya yi asarar kofuna da yawa kafin ya koya.

Aikin farko da aka bar mini ni kaɗai wani tsagu ne a daɓen jirgin, kusa da gindin sanda. Usta ya ce shimfiɗa biyar. Na dubi wurin na ce a raina biyar ta yaro ce, na zuba goma sha biyu, na goge har yana ƙyalli. Da ya zo ya shafa da tafin hannu ya ji tudun, bai ɗaga murya ba. Da Larabcinmu na kasuwa muke magana, nasa a karye, nawa a karye.

"Garba, wa zai ɗauki wannan?"

Na ce, "Jirgin mana, Usta. Ai ƙarfi na ƙara masa."

"Jirgi ba ya ɗauka. Iska ce take ɗauka, ita kuwa ba a ƙara mata mai. Yalla, kankare."

Na kankare ina ƙunƙuni da Hausa. A ganina tsohon rowa ce kawai take damunsa.

Mai jirgin wani Bature ne, likitan haƙori, da yake shiga tsere da shi ranar Asabar, wani lokaci kuma ya kwana biyu a teku da matarsa. Don haka aka ƙera irin waɗannan jiragen: a ciki akwai gadaje da murhu da banɗaki, amma jikin na gudu ne. Bayan mun gama gyara aka fita gwaji da ni. Aka kashe injin, aka ja ƙyalle biyu sama, babba a gaba, ƙarami a bayan sanda. Iska ta cika su, sai kawai jirgin ya kwanta gefe guda har ruwa yana lasar bakinsa. A kogin Kwara jirgin da ya karkata haka ya tafi ke nan, sai dai a nemi gawa a Jebba. Na yi tsalle na rungume ɗaya gefen ina salati da ƙarfi. Likita ya yi dariya har hularsa ta faɗa ruwa.

Usta ya jawo ni ya zaunar, ya nuna ƙasa da yatsa. Ya ce iska tana tura sama, dalma tana ja ƙasa, kuma duk yadda ya ƙara kwanciya haka dalmar take ƙara ƙarfin tashe shi. Na zuba ido, na ga gaskiya ne: ya kwanta zuwa wani wuri ya tsaya cak, sannan ya fara yanka ruwa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne inda muka dosa. Iska daga gabanmu take zuwa, mu kuma wajenta muke tafiya, muna karkata dama, mu juya hancin ya ratsa ta, mu karkata hagu, yadda jaki yake hawan tudu. Sai Usta ya ɗora hannuna a kan sandar tuƙi ya ɓamɓare yatsuna uku, ya bar biyu.

"In komai ya zauna daidai, biyu sun isa," in ji shi.

Sun kuwa isa. Jirgin da ya fi motar ɗaukar kaya nauyi yana bin yatsuna biyu. Yana da nasa halin, ba zan ɓoye ba: in iska ta biyo shi ta baya sai ya riƙa rangaji saboda tsukakken ƙugun nan, sai ka yi da gaske. Amma wajen fuskantar iska, sababbin jirage masu faɗin baya sun sha kallon ƙeyarsa. Shekara huɗu duk gyaransa a hannuna yake, duk fitar gwaji ina ciki, har na iya tuƙa shi.

Sai shekarar korona ta zo. Aka rufe wurin aiki, muka zauna mu shida a ɗaki ɗaya a Satwa, ina kai da komo tsakanin ƙofa da taga har abokan zamana suka ce zan huda musu kafet. Da aka buɗe, rabin masu jirage sun bar ƙasar. Usta Bashir ya tafi gida Kerala, 'ya'yansa suka hana shi dawowa. Likita ma ya koma ƙasarsu, ya sa hannu ya bar wa wurin aikinmu jirgin nasa. Dattijo ya zauna a kan ƙarafa yana shan ƙura. Wata safiya manaja ya kira ni ya ce filin ake bukata, jiragen da babu mai so yanka su za a yi, a sayar da dalmar. Ya ce in babu mai ɗaukar wannan kafin ƙarshen wata, ni zan yanka shi tunda ni na san jikinsa. Har zarton lantarkin ya nuna mini inda yake rataye.

Ban iya cin abinci ba ranar. Da aka tashi na hau mota sai unguwar Al Khabaisi da ke yankin Deira, ofishin Alhaji Nasiru, wani ɗan Kano mai harkar kargo da nake aika kaya gida ta hannunsa. Alhaji ya girme ku amma ni na girme shi. A duk Deira an san shi da abu biyu: wayoyinsa guda biyu da ba ya barin ɗaya ta yi ƙara sau uku, da kuma yadda yake cika kontena. Yana sa silifa a cikin tukunya, tukunya a cikin firji, firji a cikin mota. In ya ga tazarar da hannu zai shiga, sai ransa ya ɓaci. Na yi ta zuba masa bayanin jirgin, yana amsa waya yana gyaɗa mini kai, har ya yarda ya zo ya gani.

Ya zagaya Dattijo sau ɗaya, ya hau tsani ya leƙa, ya sauko yana share gumi.

"Malam Garba, jirgin ya yi. Amma ina baƙi za su zauna? A wannan ranar? Wallahi kastomomina in na kawo su nan sai su ce na tsane su. A yi rumfa, a sa esi, a sa janareto, a yi majalisa da kushin. In za ka iya, khalas, shi ke nan, na ɗauka."

Ya kamata in tsaya in yi tunani. Ban tsaya ba. Kalmar rumfa kawai na ji, sai ga ni a bakin kogi a Yauri, mahaifina yana kallon hannuna. Na ce, "Alhaji, ai ka zo gidan rumfa."

Wata biyu na yi a kanta, kuma har gobe ina cewa ban taɓa yin aiki mai kyanta ba. Ginshiƙai shida na bututun ƙarfe, rufin katako mai kauri na lulluɓe shi da faiba ciki da waje, na yi mata baki mai lanƙwasa irin na jiragen Yauri, na shafa kore da fari. Ta rufe bayan jirgin gaba ɗaya. Da na ga ƙaramin ƙyallen zai riƙa bugunta, sai na sa aka rage masa tsawo. Janareto na ajiye shi can ƙarshen ƙugu, injin esi a kan rufi, gefe da gefe labulen roba. Duk inda na yi shakka na ƙara ƙarfe. Da na gama na kira Usta Bashir ta bidiyo ina zagayawa da waya don ya gani. Ya kalle ta gaba da baya.

"Shagon ya yi kyau, Garba," in ji shi. "Ina jirgin?"

Na yi dariya na ce tsufa ya sa shi kishi. Amma da kiren ya sauke Dattijo a ruwa na ga layin fentin ƙugunsa ya nutse, hancin ya ɗaga sama. Na gani sarai, na kau da kai.

Ranar gwaji a farkon 2021 ce, bayan azahar, iskar arewa da suke kira shamal tana kaɗawa daidai misali. Ni da Alhaji ne kawai, yana kishingiɗe a kushin yana waya. Na kashe injin na ja ƙyalle. Jirgin ya kwanta fiye da yadda na san shi, kuma bai tsaya inda yake tsayawa ba, ga shi ba ya gaba. Sandar tuƙin da nake riƙewa da yatsa biyu sai da na sa hannu biyu na tokare ƙafa, domin iska tana dukan rumfar tana murɗa ƙugun. Muka doshi shingen duwatsun da ke bakin mashiga, lokacin juyawa ya yi. Na tura sanda. Hancin ya shiga iska ya tsaya a nan, ƙyalle yana ta faɗa da kansa, jirgin ya fara ja da baya. Na sake gwadawa, haka. Duwatsun suka matso har ina ganin kaguwa a kansu. Alhaji ya saki waya ya kama ginshiƙi yana innalillahi. Na daka wa injin maɓalli, Allah ya sa ya tashi a bugu na biyu, muka koma a kunyace.

Da muka ɗaure jirgin Alhaji ya fita ransa a ɓace.

"Wannan ne jirgin da ka cika mini kunne da shi? Malam Garba, don girmanka ne ba zan faɗi abin da ke bakina ba. Jirgin nan ya mutu. A cire mini janaretona da esina, a mayar musu su yanka abinsu."

A nan ne wurin da ya fi wuya a sana'ar nan, ba ƙaiƙayin faiba ba. Da a ce na yi shiru, da laifi ya tafi kan jirgi, ni kuwa in tsira da sunana na gwanin rumfa. Kunya ta kama ni sosai, amma na buɗe baki.

"Alhaji, jirgin lafiyarsa ƙalau. Ni na ɓata shi. Wanda ya zana shi ya auna komai, ya sa nauyi a ƙasa a tsakiya. Ni na zo na ɗora masa ɗaki a ka, na rataya masa janareto a wutsiya. Jirgin kogi na yi maka a kan jirgin iska. Ba ni kwana uku, kada ka leƙo. In ka dawo ka ba ni awa ɗaya a ruwa. In bai gamshe ka ba, ni da kaina zan yanka shi, kana tsaye."

Ya dube ni, wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka yana tafiya. Daga nesa ya ɗago mini yatsa uku.

Washegari na je na sauko da zarton nan da manaja ya nuna mini. Na fara da bakin mai lanƙwasa, inda na fi ɓata lokaci, don in na fara da shi ba zan iya fasawa ba. Wata biyu na gini, yini ɗaya da rabi na rushewa. Na toshe ramukan ƙusoshi, shimfiɗa biyar biyar, ban ƙara ko ɗaya ba duk da hannuna yana so. Na binciko wani tsohon ƙyallen likita a sito na mayar. Da aka kwashe tarkacen, har da janareto da esi, ƙugun ya taso, layin fentin ya fito daidai da ruwa tun daga gaba har baya.

Alhaji ya zo rana ta uku, ya ga rumfarsa a tare a gefe guntu guntu.

"Yanzu a rana zan zauna?"

Na miƙa masa malfa na ce, "Awa ɗaya, ranka ya daɗe."

"Yalla, mu gama da shi."

Iskar irin ta rannan ce. Na ja ƙyalle, Dattijo ya kwanta, Alhaji ya ƙanƙame igiya yana shirin salati, sai jirgin ya tsaya inda ya saba tsayawa ya fara gudu. Babu ƙarar komai sai ruwa yana wucewa ta gefe. Na doshi shingen duwatsun nan da gangan, wuri ɗaya da na rannan. Alhaji ya ce, "Malam Garba!" Na tura sanda, hancin ya ratsa iska ya faɗa ɗaya gefen kafin ya rufe baki, duwatsun suka koma bayanmu. Na sake juyawa sau biyu don kada ya ce sa'a ce. Sannan na ce ya matso. Na ɗora hannunsa a kan sandar, na ɓamɓare yatsunsa uku kamar yadda aka yi mini.

Ya riƙe a tsorace, ya ɗan ja, jirgin ya bi. Ya ɗan tura, ya dawo. Na ga kafaɗarsa ta sauka. Sai waya ta fara ƙara a aljihun jallabiyarsa. Ta yi sau uku, ta yi biyar, ta gaji ta yanke. Ɗayar ta ɗauka, ita ma ta gaji. Awar da na roƙa ta wuce ban tuna masa ba, shi ma bai tambaya ba. Can ya leƙa cikin jirgin ta ƙofa, inda sauran kushin da kafet da firjinsa da katan katan na lemo suke jibge. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana neman inda zai cusa silifa a kontena ya juyo ya dube ni, yatsunsa biyu a kan sanda.

"Malam Garba," ya ce, "me kuma za a cire?"